Binne Kafin Tafiya

Hadayek el-Maadi, Alƙahira

Zuwa ga ɗana Abba,

Aminci da rahamar Ubangiji su tabbata a gare ka. Ina roƙon Allah Ya tsare ka idan jirgi ya ɗaga, Ya tsare ka idan ya sauka, Ya kuma kiyaye ka a motar da za ka shiga daga Kano, domin ita na fi jin tsoro. Kada ka zauna a gaba kusa da direba, ko da an yi maka tayin wurin don girmamawa.

Za ka tarar da wannan takarda a aljihun ciki na jakarka, tare da wani ɗan ƙulli. Ummanka na roƙa ta saka maka su. Ka san kai ɗan fari ne, ga shi kuma sunan mahaifina kake ɗauke da shi, don haka bakina ba ya iya doguwar magana a gabanka. Tun kana ƙarami abin da ke tsakanina da kai bai wuce "ka yi salla?" da "ka kashe gas?" ba. Abin da kunya ta hana baki, bari alƙalami ya faɗa.

Maganar shiga soja na riga na amince, kuma ba zan janye ba. An haife ka a Masar, ka yi karatunka a nan, amma ka ce ƙasarka tana cikin halin da take buƙatar matasanta, ba za ka zauna a unguwar Hayyin Ashir kana sayar da layin waya kana kallon labarin a talabijin ba. Abu ɗaya nake roƙo, shi ne wanda muka rabu a kansa ba mu daidaita ba: kafin ka kai kanka wurin ɗaukar soja, ka je ƙauyenmu a ƙasar Gumel ka yi binne a gonar tudu da hannunka. Ka ce mini, "Baba, gonar da ban taɓa gani ba?" Ka ce ka fi son ka zauna a Kano ka riƙa gudun safe don gwajin da za a yi muku. Ga amsata yanzu.

Baffanka Sule, ƙanena, ya aiko mini da saƙo ba sau ɗaya ba. Gonar tudu rabona ce daga mahaifinmu, aro na bar masa ita tun kafin a haife ka. Ya tsufa, 'ya'yansa sun girma, kowa yana neman inda zai noma. Ya ce idan damina ta faɗi bana ba a ga ƙafar kowa daga gidana a gonar ba, zai kira mai unguwa ya raba wa yaransa. Ban ga laifinsa ba. Ya yi haƙurin da ni da kaina ban tabbata zan iya ba.

Tun da a birni ka tashi, bari in bayyana maka binne. A ƙarshen bazara, ƙasa ta bushe ƙayau, babu ko gizagizai, manomi yakan ɗauki sungumi ya sara ramuka, ya zuba gero ya rufe da diddige, ya koma gida ya jira. Idan ruwa mai ƙarfi ya zo, ya riga kowa. Idan yayyafi ne kawai, irin ya tsira ya ƙone, sai a sake. A wurinmu kuma binne shaida ce: wanda aka ga ya yi binne a gona, babu mai tambayar ta wa ce a wannan shekara.

Kuskurena na farko a nan yake. Shekarar da na sami gurbin karatu a Masar, takardun tafiya sun iso ana shirin binne. Kakanka, wanda kake ɗauke da sunansa, ya same ni ina ɗaure akwati, ya jingina sungumi a bakin ƙofa ya ce, "Haruna, ka zo mu yi gonarka gobe, sai ka tafi jibi." Na ce masa ina so in isa Kano da wuri, kada a sami tangarɗa a ofis. Babu wata tangarɗa. Na yi kwanaki a Kano ina zaga kasuwa ina neman takalmin da ya dace da ɗalibin ilimi. Na ce masa kafin kaka biyu na dawo hutu. Ya ɗauki sunguminsa ya ce, "To, Allah Ya kai mu." Har yau ina ganin bayan rigarsa da gumi ya jiƙa, yana fita ta ƙofar zaure. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Saboda haka, Abba, idan babba ya roƙe ka kwana ɗaya, ka ba shi. Abin da kake sauri dominsa galibi yana nan yana jiranka, shi kuwa babban ba lallai ne ya jira ba.

Ka san aikina, ko da yake na daɗe ina sa ka ce wa abokanka a lambu nake aiki. Gaskiya ne lambu ne, amma lambun makabartar sojojin Turawa da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko. Karatu ya gagare ni a shekarun farko, Larabcin littattafai ya fi ƙarfina, aka yanke mini tallafi, wani maƙwabci ya kai ni wurin. Ɗalibai 'yan uwanmu sukan tsokane ni a majalisa su ce, "Malam Haruna, yaya mutanen naka? Sun tashi lafiya?" Ni kuwa in ce, "Lafiya lau, ba su taɓa yi da kowa ba." Duk abin da na sani na aikin, daga ƙananan littattafan da hukumar wurin take rabawa na koya: tsawon da ciyawa za ta kai, yadda ake wanke dutse ba a goge rubutu ba, irin furen da aka yarda a dasa. Turancin da nake ji ma daga cikinsu na tsinta, da ƙamus a gefe. Na riƙe su kamar yadda makaho ke riƙe sanda.

A farkon sanyin da ya wuce, lokacin baƙi sun ɗauke ƙafa saboda hargitsin gari, wata tsohuwa Baturiya ta shigo ita kaɗai, da hular kaba mai faɗi. Ta ce sunanta Helen, daga Ostareliya take, kabarin kakanta take nema. Da na ga hannuwanta na san ba ma'aikaciyar ofis ba ce, sun yi kanta kamar na matan ƙauyenmu. Na kai ta layin da yake. Sunansa Wilyam. Na yi shekara da shekaru ina wanke dutsensa, ban san komai a kansa ba sai sunan da lambar.

Ta zauna a kan ciyawa, abin da littafi bai hana ba, ta ba ni labarinsa, ni kuma ina tsaye da bututun ban ruwa a hannu. Manomin alkama ne a wani yanki mai ƙarancin ruwa, inda ta ce mutum zai yi tafiyar yini bai ga tudu ba. Yana da mata da jaririya, da dawakin huɗa, da 'yan tumaki. Fari ya cinye musu amfanin shekara guda, har suka riƙa yanko ganyen itatuwa suna ba dabbobi. Ana cikin haka aka zo neman sojoji. Ta ce ba ta san abin da ya fi tura shi ba, kishin ƙasa ko rumbun da ya wayi gari babu komai, wataƙila shi ma bai sani ba. An sa masa ranar da zai kai kansa, amma ya nemi a ɗaga masa 'yan kwanaki. Abokansa suka tafi suka bar shi. Ya ɗaura wa dawakinsa kaya, ya shuka gonar duka a busasshiyar ƙasa, babu alamar hadari, maƙwabta suna cewa ya zubar da irin da ya rage masa.

Na ajiye bututun na ce, "Madam, wannan ai binne ne. Mu ma muna yi."

Ta sa na maimaita kalmar har ta iya. Ta yi dariya ta ce, "To kai manomi ne. Me kake yi a nan kana yi wa ciyawa aski?"

Na ce, "Abin da kakanki yake yi a nan, Madam. Na zo ne na ɗan lokaci."

Ba ta yi dariya ba a wannan karon, ni ma na yi mamakin bakina.

Ta ci gaba. Jirgin ruwa ya kawo shi Masar da sauran sojoji, aka sauke su a sansani a gefen sahara, ta ce ba nisa da Maadi, wato wajen da muke zaune ke nan. Tun ranar, idan na bi ƙarƙashin itatuwan kafur, wato bishiyar turare, zan hau jirgin ƙasa na metro, nakan tuna an ce daga ƙasarsu asalin itacen yake, in ce ko ƙamshinsu ya taɓa tsayar da shi a hanya. Da yake ya san dabba, sai aka ba shi kula da dawaki da alfadarai. Daga baya aka tsallaka da su gaɓar tekun Turkiyya, inda aikinsa ya zama kai ruwa da harsashi kan duwatsu a bayan alfadari, ya sauko da waɗanda aka raunata. Ta ce wani abokinsa da ya koma gida ya shaida wa iyalin cewa bai taɓa ganin Wilyam ya sha ruwa kafin dabbarsa ba, kuma duk inda suka tsaya sai ya ɗebi ƙasar wurin ya murza a yatsa ya faɗi abin da za ta iya yi. Harsashi bai same shi ba. Ciwon ciki ne ya kama shi daga gurɓataccen ruwa, aka dawo da shi asibiti a Alƙahira, a nan ya cika.

A nan zan tsaya in ce maka: kada ka sha ruwan da ba ka san asalinsa ba, ko da kowa yana sha, ko da za su kira ka ɗan Masar mai tsirfa. Na sa maka ƙwayoyin tace ruwa a cikin safar da ke ƙasan jaka, da takardar bayaninsu, ka karanta ta duka har ƙananan rubutun. Ka riƙa busar da tsakanin yatsun ƙafarka bayan alwala kafin ka sa takalmi. Na karanta cewa ƙafa tana kayar da soja kafin abokin gaba ya kayar da shi.

Ruwa ya sauka a gonar Wilyam bayan tafiyarsa, ruwa na gaske. Matarsa da maƙwabtan da suka yi masa dariya su suka girbe, kuma amfanin wannan shekara shi ya hana a sayar da gonar da labarin mutuwarsa ya iso. Jaririyar ta girma a gonar, ita ta haifi Helen, kuma har yau Helen ce ke nomanta. Ta ce kowace shekara sukan ware ɗan fili su shuka tsohon irin nan, ba don riba ba, don kada ya ɓace.

Ta nuna mini hotonsa a kan raƙumi a gaban dalar Giza, ya karkata hula yana murmushi. Shi ne hoto ɗaya da ya aika gida, don haka matarsa ta daɗe tana zaton yawon buɗe ido ake yi da su. Da na gan shi sai na tuna ni ma ina da irinsa. A shekarar da aka yanke mini tallafi na ari jabba da rawani wurin wani ɗalibi, na je Giza na ɗauki hoto a wannan wuri, na aika ƙauye. Aka rataye shi a zaure, ana nuna wa baƙi Malam na Masar. Wannan hoton shi ya rufe mini hanyar gida fiye da rashin kuɗin jirgi, domin kullum ina cewa ba zan koma ba sai na zama mutumin da ke cikinsa. Kakanka ya rasu ina nan ina jiran in cika rawanin aro. Wannan shi ne kuskurena na biyu.

Don haka idan ka faɗi gwajin soja, ka kira ka ce ka faɗi. Idan ka ci kuma wahala ta yi yawa, ka ce ta yi yawa. Kada ka aiko wa Ummanka hoton kaki da murmushi alhali kana kwance. Wanda ya saba faɗin ƙaramar gaskiya, ƙofar gidansu ba ta yi masa nauyin turawa.

Da Helen za ta tafi sai ta zaro ɗan ƙyalle daga jaka, ta kwance, ta tona ƙasar da ke gaban dutsen da yatsa, ta zuba wani abu ta rufe da tafin hannu. Na gani, na kau da kai. Ta ce mini, "Bai ga amfanin ba. Ina so ya gani." Ta tafi, ban sake ganinta ba.

Ina ban ruwa kamar kullum, ba a daɗe ba sai ga tsiro ya fito tsakanin furanni, siriri, kore shar. Ni da na tashi ina korar tsuntsaye a fadamar alkama da rani, ba sai an gaya mini ko mene ne ba. Na riƙa zuwa da sassafe in tsuguna a gabansa kamar mai gaida surukai. Sai Rayis Gamal, shugabanmu a wurin aiki, ya sanar cewa manya za su zo duba makabarta. Na koma ga ɗan littafina. Ya faɗa a fili: duk tsiron da ba ya cikin jerin da aka amince, a cire. Na karanta shafin na sake karantawa, ina neman inda aka yi togiya, babu. Na tuna iƙamarmu, takardar izinin zama a ƙasar, da ke rataye a wuyan wannan aiki, na tuna kuɗin makarantar ƙannenka. Ranar da za su zo, tun kafin kowa ya iso, na tuge shi da hannuna na kai juji.

Da hantsi Rayis Gamal ya biyo layin, ya tsaya a gaban dutsen ya dubi ƙasa, ya dube ni.

"Ya Haruna, ina alkamar hajiyar nan?"

Na ce, "Na cire, ya Rayis. Littafi ya ce..."

"Littafi! Ni ta fara samu a ofis, ni na ce mata ta shuka. Kullum ina wucewa ina ganinta, ina ganinka kana yi mata fadanci. Ka ji na ce wani abu?"

"Ba ka ce ba."

"To shirun nan da na yi, shi ne shafin da ba a buga ba." Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ma'alish, kada ka damu. Khalas, ya wuce. Amma wallahi kai ko Ranar Ƙiyama sai ka nemi a nuna maka takardar izini kafin ka tashi."

Manyan suka zo, suka sha shayi, ko layin ba su bi ba.

Wannan shi ne na uku, kuma ya fi sauran yi mini ciwo don da furfurata na yi shi. Za ka shiga aikin da aka gina a kan bin umarni, kuma ina so ka bi. Amma ka koyi tambaya kafin hannunka ya yi abin da ba ya gyaruwa. Da na taka zuwa ofis na buɗe baki, da magana ta ƙare. Tsoro ne ya sa na ɗauka doka ta fi mutanen da ke riƙe da ita tsanani. Kai kuma abin da zai kasance a hannunka ba tsiron alkama ba ne. Duk ranar da ka tsaya a gaban wani talaka a bakin gonarsa, ka tuna kakanka irinsa ne.

Allah cikin ikonSa, wasu 'yan ƙwayoyi sun faɗa bayan dutsen, inda idona bai kai ba ranar. Na gan su daga baya, na je na gaya wa Rayis, ya ce, "Ni ban ga komai ba, kai ma ba ka gani ba, yalla." Suka yi kai, suka nuna a 'yan makonnin nan, na murje su a tafin hannuna. Su ne a ƙullin da ke jakarka. Ko cikin cokali ba su kai ba.

Ka kula da kyau a nan, kada ka haɗa abu biyu. Alkamar ba ta binne ba ce a ƙasarmu, idan ka zuba ta a tudu da damina za ta lalace. Ka damƙa wa Baffa Sule, ka ce ya adana ta cikin toka a wuri mai sanyi, idan rani ya zo ya ba ta ɗan gefe a fadama. Idan ma'aikatan filin jirgi suka tambaye ka, ka faɗi gaskiyar ko mene ne, in sun karɓe ka bar musu, ba a jayayya da su. Gero kuwa Baffa zai ba ka daga rumbunsa. Ka durƙusa ka gaishe shi, kada ka miƙa masa hannu irin na nan sai shi ya fara miƙo maka. Kada ka ce ka zo karɓar gona. Ka ce mahaifinka ya aiko ka a koya maka binne. Zai gane. Ka roƙe shi ya zaga da kai iyaka, daga gawon da ke gabas zuwa layin gamba, idan gawon yana nan. 'Ya'yansa za su yi wa Hausarka dariya, za su yi wa riƙon sunguminka dariya, hannunka zai yi bororo tun kafin azahar. Ka bar su su yi, 'yan uwanka ne. In ka gama, ka ce su ci gaba da nomanta su ci amfanin, kai dai a san ka sa iri.

Ban ce binne zai tsare ka daga abin da Allah Ya rubuta ba. Bai tsare Wilyam ba, ga shi nan ina wanke dutsensa. Amma shi da ya tafi bai dawo ba, jikarsa ta san hanyar gonarsa har ta kawo masa amfaninta. Ni da nake raye, ɗana yana tambayata gonar da bai taɓa gani ba. Ina so duk inda aka tura ka, idan ka ga hadari ya haɗu, ka sami wurin da zuciyarka za ta tafi, ka ce ko ya sauka a tawa.

Allah Ya sa ka fita lafiya ka dawo lafiya. Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kare ka daga zalunci, naka a kan wani da na wani a kanka. Ya haɗa ka da shugabanni masu tausayi da abokai masu salla. Ummanka da ƙannenka suna gaishe ka, ko da yake suna ɗaki ɗaya da kai a yanzu da nake rubutun. Na yafe maka duk abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, kai ma ka yafe mini shirun da na yi maka.

Idan ka isa ƙauye, ka ce a nuna maka kabarin mai sunanka. Ka yi masa addu'a, sannan ka gaya masa an zo yin gonar Haruna.

Mahaifinka,
Haruna